Makarantar firamare ta Katolika: aikin iyaye bai ƙare a bakin ƙofa ba

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukan ma'aikatanka, muna roƙon ka ɗan sam mana fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Mu malamai ne da iyayen yara masu hulɗa da makarantun firamare na cocin Katolika, wasunmu a cikin aji, wasunmu a kwamitin iyaye. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan iyaye da yawa, Kirista da waɗanda ba Kirista ba: wai idan ka sa ɗanka a makarantar Fada (limamin Katolika) ko ta Sista (mace mai hidimar coci), ka biya kuɗin zango, ka saya masa yunifom, to ka sauke nauyi. Kamar wanda ya kai wa tela yadi ya yi tafiyarsa, yana jiran ya dawo bayan shekara 6 ya karɓi riga ɗinkakkiya. Ba a kan haka aka gina makarantun nan ba, kuma akasarin matsalolin da ake fama da su, daga makara har rigimar kuɗi, daga nan suke tasowa. Su ma makarantun suna da nasu laifin, ba za mu rufe musu ba.

Wannan ba ra'ayinmu ba ne kawai, a rubuce yake. Ranar 28 ga Oktoba, 1965, Babban Taron Batikan na Biyu, wato taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ya fitar da takardarsa kan ilimi, inda ya ce iyaye su ne malamai na farko, kuma na gaba da kowa, a rayuwar 'ya'yansu. Kundin dokokin coci na 1983 ya ɗora a kai. Doka ta 796 ta ce dole iyaye su haɗa kai da malaman da suka damƙa wa 'ya'yansu, su kuma malamai su saurari iyaye da yardar rai, a kafa musu ƙungiya ko a riƙa kiransu taro, kuma a ba taron daraja. Ke nan uban da ya zo yana tambayar dalilin da ya sa ɗansa ya kai aji 3 bai iya haɗa baƙi ba, ba shisshigi ya yi ba, haƙƙinsa ya nema. Doka ta 803 ta hana kowace makaranta kiran kanta ta Katolika sai da izinin hukumar coci, don haka sunan waliyyi a jikin allon ƙofa ba hujja ba ne. Mai shakka ya tambaya a ofishin ilimi na dayosis, wato yankin da bishop yake shugabanta. Doka ta 806 kuwa ta ba bishop ikon sa ido da kai ziyara, har a makarantun da ƙungiyoyin Sistoci suke gudanarwa, ta kuma ce karatun da ake bayarwa kada ya gaza na sauran makarantun yankin. Makarantar da yaranta suka haddace addu'o'i amma ba su iya tarawa da ɗebewa ba, ta saɓa wa dokar cocin da take ɗauke da sunansa.

Idan akwai koke, a bi ta hanyarsa: malamin aji tukuna, sannan shugaban makaranta, sannan hukumar gudanarwa ko Fadan da ke kula da makarantar, daga ƙarshe ofishin dayosis. Kuskuren da aka fi yi shi ne tare Fada a ƙofar coci ran Lahadi bayan Mas (babbar sujadar Katolika), a zazzage masa ƙorafi a tsaye, mutane na jiran gaisawa da shi. Shi bai san abin da ya faru a aji 4 ba. Zai mayar da maganar wurin shugaban makaranta, malami ya ji an kai ƙararsa sama ba a ko neme shi ba, a ɓata mako guda a kan abin da minti 10 a ofis za su kashe.

Ranar makaranta tun daren jiya take somawa. Likitocin yara sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. A yi lissafi: in ƙarfe 6 na safe za a tashe shi, to kafin 9 na dare ya kamata ya riga ya yi barci, ba a lokacin ne za a fara neman littafin aikin gida ba. Yaron da ya raba dare yana kallon waya, malami yana gane shi kafin a fita tara. Wani gyangyaɗi zai yi, wani kuwa sai ya kasa zama wuri ɗaya, ya tsokani wannan ya ja rigar wancan, a ɗauka rashin ji ne a hukunta shi, alhali barci ne ke cinsa. Jaka ma da dare ake shirya ta, yaro da hannunsa, babba yana tsaye, ana duba jadawalin gobe. Ma'aunin da masana lafiya suke bayarwa shi ne kada nauyin jaka ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaron. Yaro mai kilo 25 ke nan bai kamata jakarsa ta kai kilo 4 ba. Abin da ke cika ta shi ne littattafan mako gaba ɗaya da ake jibgawa don gudun mantuwa.

Da an kaɗa ƙararrawa, yara kan yi layi aji-aji a filin asambuli. A yi alamar gicciye, a yi addu'ar Ubanmu, a yi A Gaishe Ki Maryamu da Ɗaukaka ga Uba, a karanta ɗan gajeren nassi ko a faɗi wani abu kan waliyyin ranar, a yi waƙa, sai sanarwa. Duka-duka minti 10 zuwa 15. Daga nan aji, a kira rajista. Yawancin makarantu suna sa karatu da lissafi a darussan farko don lokacin ne kan yara yake a sake, kuma malami yakan yi bayanin sabon abu ne a mintunan farko, sauran lokacin gwaji ne. To yaron da kullum sai minti 15 bayan an zauna yake shigowa, gwaji yake tararwa ba bayani. Minti 15 sau 5 minti 75 ne a mako. A zango mai mako 13 ya haura awa 16, kuma duk daga darussan da suka fi nauyi. Fashin kwana 2 a wata ma da ake rainawa, in aka tara shi a watanni 9 ko 10 na karatu, kusan mako 4 ne cur.

A nan makaranta tana da nata laifin. Yaro ɗan shekara 6 ba shi ke riƙe da agogon gidansu ba. Tsayar da shi a bakin ƙofa yana leƙen 'yan ajinsu ta taga, ko sa shi tsintar takardu har darasin farko ya wuce, ƙara masa asara ne a kan asara. A bar shi ya shiga, a rubuta lokacin da ya iso, idan ya kai sau 3 a kira wanda ke kawo shi a zauna. Sau da yawa sai a tarar matsalar ƙarama ce: uwa ɗaya tana kai yara 3 makarantu daban-daban, ko yaron shi ke raka ƙanensa wani wuri tukuna.

Lokacin tara da wasa ba ɓata lokaci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara masu shekara 5 zuwa 17 suna bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, don haka hana yaro fita wasa a matsayin horo yakan haifar da abin da ake gudu, ya dawo darasi na gaba ya fi da tashin hankali. Ƙarfe 12 na rana makarantu da dama sukan tsaya a yi addu'ar Mala'ikan Ubangiji, minti 2 ko 3. A kwanaki 50 na lokacin Ista akan maye gurbinta da ta Sarauniyar Sama. A watan Mayu da na Oktoba akan ƙara kashi ɗaya na rosari, wato Ubanmu 1, A Gaishe Ki Maryamu 10, Ɗaukaka ga Uba 1, abin da bai wuce minti 4 ba. Mun kawo wannan lissafi ne saboda masu tsoron cewa addu'a za ta cinye karatu. In an haɗa duka, da ƙyar su kai rabin awa, ban da ranar da aka yi Mas na makaranta, wanda wasu ke yi mako-mako, wasu wata-wata, wasu a farkon zango da ƙarshensa.

Iyayen da ba Katolika ba suna da tambayoyi, kuma sun cancanci amsa ƙarara tun ranar cike fom, ba sai abu ya faru ba. Doka ta 748 ta haramta tilasta wa kowa shiga addinin Katolika ba da son ransa ba, doka ta 868 kuma ta ce ba a yi wa ƙaramin yaro baftisma sai da yardar iyayensa, ko aƙalla ɗaya daga cikinsu. Yaron da ba Katolika ba ba ya karɓar Tarayya Mai Tsarki (gurasar alkama da Fada ke tsarkakewa ya raba a lokacin Mas), ba ya zuwa furta zunubi wurin Fada. A wasu wurare yakan bi layi ya harɗe hannuwa a ƙirji a sa masa albarka, a wasu yakan zauna a wurinsa. Abin da ke jawo rikici shi ne rashin faɗa wa yaron tun da wuri: ya ga 'yan ajinsu sun tashi, shi ma ya bi, ya miƙa hannu, Fada bai san shi ba. Malamin aji ne ya kamata ya yi wa kowane yaro bayani kafin Mas na farko. Haka tokar da ake shafawa a goshi ranar Larabar Toka, ranar da ake fara azumin da ke zuwa kafin Ista. Ba sakramenti ba ce (wato ba ta cikin manyan ibadu irin su baftisma da Tarayya), amma alama ce ta addini da yaro zai koma gida da ita a fuskarsa, don haka a tambayi iyaye a rubuce mako guda kafin ranar. Su kuma iyaye su tambaya tun farko: me ake koyarwa a darasin addini, shin ana jarrabawarsa, me yaro zai yi lokacin Mas, akwai wurin da zai yi tasa ibadar? A nemi amsar a takarda. Makarantu sun bambanta a kan wannan, dokokin ƙasashe ma haka.

Inda aka fi samun tuntuɓe tsakanin gida da makaranta shi ne shirin Tarayya ta Farko, wato karo na farko da yaro zai karɓi Tarayya Mai Tsarki. A 1910 Fafaroma Pius na 10 ya sauko da shekarun karɓarta zuwa lokacin da yaro ya fara hankali, wajen shekara 7, da sharaɗin ya iya bambanta ta da gurasar yau da kullum. Dayosis da yawa suna yin ta tsakanin shekara 7 zuwa 9. Doka ta 914 ta ɗora alhakin shirya yaro a kan iyaye da farko, sannan Fadan cocinsu. Ba ta ambaci makaranta ba. Ma'ana, darasin addini da ake yi a aji ba lallai ne ya wadatar ba. A wurare da yawa sai an sa sunan yaro daban a ajin katikisim (koyon addini) na cocin da iyalin ke zuwa. Kowace shekara akan samu iyayen da suka ɗauka makaranta ta riga ta yi komai, sai saura mako 3 su ji sunan ɗansu ba ya cikin jerin. A tambaya tun makon farko na shekarar karatu: wa ke rajistar, a ina, yaushe ake rufewa, fashi nawa ke sa a cire suna?

Sai batun takarda. Ana bukatar shaidar baftisma, kuma asalinta yana cikin rajistar cocin da aka yi wa yaron baftisma, ba cocin da iyalin suke zuwa yanzu ba. Wanda katinsa ya ɓace, can zai rubuta, ya ba da cikakken sunan yaro, ranar haihuwa, sunayen iyaye da na iyayen baftisma (waɗanda suka tsaya masa a ranar), da shekarar da aka yi. Amsa na iya ɗaukar makonni, musamman in wata dayosis ce. Wata matsalar kuma saɓanin suna: katin baftisma na ɗauke da sunan waliyyi, rajistar makaranta na ɗauke da sunan gida, takardar haihuwa kuma an rubuta sunan mahaifi da wani harafi daban. A ajiye takardun uku a kan tebur ɗaya a gwada su tun yaro yana aji 1. Gyaransu a lokacin abu ne mai sauƙi, amma in aka bari sai jarrabawar fita firamare ta zo, ya zama aiki ja. Yaron da aka yi masa baftisma a wata ɗarikar Kirista, ko wanda ba a yi masa ba har ya wuce shekara 7, hanyarsa daban ce, a ga Fada da wuri.

Kafin Tarayya ta Farko sai yaro ya yi furcin zunubi na farko, kuma yawancin yara tsoronsa suke ji. Iyaye su koya masa addu'ar tuba a gida, su gwada masa yadda ake shiga da yadda ake farawa, su kuma tabbatar masa cewa doka ta 983 ta haramta wa Fada faɗa wa kowa abin da ya ji, har iyaye da shugaban makaranta. Kada a rubuta wa yaro jerin laifuffukansa a ce ya je ya karanta, kada kuma a tare shi a ƙofa da "me ka faɗa masa?" Malamin da ke razana yara da cewa zai kai su wurin Fada su yi furci, ya mayar da sakramenti bulala. A ranar kuma, ƙa'idar ita ce a daina ci da sha awa 1 kafin karɓar Tarayya, ban da ruwa da magani. Kafin karɓa aka ce, ba kafin a fara Mas ba. Wasu iyaye kan hana yaro karin kumallo gaba ɗaya, a sa shi cikin layi da kyandir a hannu, ga zafi ga cunkoso, sai jiri ya kwashe shi. A ba shi abinci da sassafe. Yaron da likita ya hana shi cin alkama, a sanar da Fada tun da sauran makonni, akwai tanadin da coci ya yi wa irinsu. Game da fararen kaya, muna goyon bayan makarantun da ke ajiye riguna iri ɗaya ana ara wa kowa, domin gasar ɗinki ta sa wasu iyalai suna ɗage Tarayyar 'ya'yansu shekara guda don kunya.

Wani abu da malamai ba sa son faɗa a fili: Mas na makaranta a tsakiyar mako ba ya maye gurbin na Lahadi. Wajibcin zuwa Mas na Lahadi yana hawa kan ɗan Katolika daga shekara 7, ana kuma iya cika shi da yammacin Asabar. Yaro dai ba zai kai kansa ba. In an koya masa abu a aji ran Talata, ya ga gidansu ba a yi ran Lahadi, na gida zai ɗauka.

Azumin Lent, wanda ake yi kafin Ista, shi ma yana zuwa da ruɗani. Doka ta 1252 ta ce ƙaurace wa nama yana farawa ne daga shekara 14, azumi kuma daga 18 har zuwa shiga shekara ta 60. Babu ɗan firamaren da azumi ya hau kansa, don haka kada a turo yaro da ciki wayam ranar Larabar Toka da sunan ibada. Dokar dai ta ce iyaye da Fada su koya wa ƙanana ma'anar tuba daidai ƙarfinsu: ya bar wani abin da yake so, ya taimaki wani, ya bi addu'ar Hanyar Gicciye mai matsayi 14 ran Juma'a. Ƙungiyar yara 'yan mishan, wadda aka kafa a Faransa a 1843 don yara su taimaki yara 'yan'uwansu, takan raba asusu a irin wannan lokaci. Amfaninsa yaro ya jefa daga abin da ya hana kansa. In uba ya zaro kuɗi ya cika asusun a daren ƙarshe, an tara kuɗi amma yaron bai koyi komai ba, kuma makarantar da ke karanta sunan ajin da ya fi tarawa a asambuli ita ke jawo hakan.

Aikin gida na yaro ne. Ma'aunin da malamai da yawa ke bi shi ne minti 10 ga kowane aji: aji 1 minti 10, aji 3 minti 30, aji 6 awa guda. In yaro ya ninka wannan lokaci bai gama ba, a tsayar da shi, a ja layi, a rubuta wa malami cewa nan ya tsaya kuma nan ya kakare. Wannan ɗan rubutu ya fi wa malami amfani a kan shafi mai tsabta da yaya ko uwa ta cike, domin malamin da ya ga komai daidai zai wuce gaba, sai ranar jarrabawa asiri ya tonu. Ban da aikin gida, a ware minti 15 zuwa 20 kullum yaro ya yi karatu da ƙarfi wani yana ji. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya wannan: ta zaunar da shi, ya karanta, ya rufe littafi ya ba ta labarin da harshen gida, ta yi masa tambaya. In ya kasa ba da labarin, haruffa yake furtawa, bai fahimta ba, kuma ta gano abin da ya kamata malami ya sani. Katin sakamako kuwa, a daina tsayawa kan na nawa ya zo. A duba makin kowane darasi a gwada da na zangon baya, a duba yawan fashi, a karanta abin da malami ya rubuta a ƙasa.

Saƙo tsakanin gida da makaranta yakan mutu ne a ƙasan jaka. Takardar gayyatar taro da aka raba ran Litinin, sai ran Asabar a same ta a dunƙule, ruwan gora ya jiƙa ta, taron kuma an yi shi ran Alhamis. Maganinsa ƙaramin littafi guda da ke zuwa yana dawowa kullum, malami ya rubuta, iyaye su sa hannu, a kuma saba zazzage jaka kowace yamma. Zauren WhatsApp na aji yana taimakawa in an tsare shi: sanarwa kawai, mutum 2 ke da ikon turawa, ba a kiran sunan yaro ko malami da laifi, ba a sa hoton 'ya'yan wasu ba da izini ba. In aka sake shi, sai sanarwar jarrabawa ta nutse a cikin gaisuwar safiya da tallace-tallace. A kuma tuna ba kowane gida ke da babbar waya ba.

Taron iyaye da malamai yana mutuwa ne saboda dalilai sanannu. Ana kiransa ƙarfe 10 na safe ranar aiki, sannan a ce iyaye ba su damu ba. Ana farawa a makare, jawabai su cinye awa 2, sai an gaji a kawo maganar ƙarin kuɗi. Iyaye sun gane cewa duk kiran da aka yi musu na kuɗi ne, shi ya sa suke turo uzuri. A ba da sanarwa mako 2 kafin ranar tare da ajanda, a zaɓi lokacin da ma'aikaci da ɗan kasuwa za su samu, kada a wuce minti 90, a fassara wa wanda ba ya jin harshen da ake magana da shi. A fara da karatun yara: me aji 2 za su koya wannan zango, ina suka fi rauni, me gida zai yi. Kuɗin ƙungiya ya zauna a asusun banki na kansa, ba a aljihun ma'aji ko a cikin asusun makaranta ba. Mutum 2 cikin 3 su sa hannu kafin a cire, kowane abin da aka karɓa a ba da rasit, a karanta rahoto kowane zango, a liƙa kwafi a allon sanarwa. Shugabanni su yi shekara 2 su sauka, wanda ɗansa ya gama makarantar kuma ya ba wasu wuri. Kuma don Allah iyaye maza su riƙa zuwa. Yawanci mata ne ke cika benci, a yanke shawara, su koma gida maigida ya ce bai san zance ba.

Ba kuɗi kaɗai iyaye ke iya bayarwa ba. Kafinta ya duba bencina sau ɗaya a zango, ma'aikaciyar jinya ta nuna wa malamai abin da za su yi in yaro ya suma ko ya shaƙe, kaka ta zo ta saurari masu koyon karatu na rabin awa. Sai dai duk mai shiga cikin yara, ko uba ne, ko Sista, ko Fada, ƙa'ida ɗaya ce: a san shi, a rubuta sunansa a littafin baƙi, kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, a fita yawon buɗe ido da manya aƙalla 2 da takardar izinin iyaye. Cocin Katolika ya sha kunya mai tsanani a ƙasashe da dama kan cin zarafin yara da rufa-rufar da aka yi. Fafaroma Francis ya kafa hukumar kare yara a 2014, ya kuma fitar da dokar kai rahoto a 2019. Kowane uba yana da ikon ya ce a nuna masa rubutacciyar manufar kare yara ta makarantar, da sunan wanda ake kai wa ƙara. Zargin cin zarafi kuma ba ya bin matakan koke da muka lissafa a sama. Hukumomin ƙasa ake kai wa kai tsaye. Lokacin tashi ma a rubuta sunayen mutum 2 ko 3 da aka yarda su ɗauki yaro, in an samu canji a kira ofis, kada a aiko baƙo da "babansa ne ya turo ni".

Kan horo, makarantun Katolika suna da gadon da ya kamata su koma wa. Don Bosko, wanda ya yi aiki da yaran talakawa a birnin Turin na Italiya har rasuwarsa a 1888, ya gina tarbiyyarsa kan hankali da addini da ƙauna, ya kuma nace cewa malami ya kasance a tsakiyar yara, har a filin wasa, don a tare laifi kafin ya auku. A aikace, wannan na nufin jadawalin malaman da ke tsaron fili lokacin tara, da wanda ke lura da hanyar bayan gida, domin a waɗannan wurare ne cin zali ke faruwa, ba a gaban allo ba. In yaro ya fara cewa cikinsa na ciwo kowace safiyar Litinin, ko fensirinsa na ɓacewa kullum, ko ya daina ambaton abokinsa, a je a ga malamin aji a makon.

Saura maganar bashin kuɗin makaranta. Albashin malamai daga nan yake fitowa a wurare da yawa, don haka mai hali ya biya a kan kari. Wanda abu ya tsaya masa kuma kada ya ɓuya. Ya je ofis kafin zango ya fara, ya faɗi abin da zai iya, a raba masa kashi 2 ko 3, a rubuta ranaku, kowa ya riƙe kwafi, ya kuma tambaya ko cocin ko dayosis na da asusun tallafi. Makarantar da Waliyyi Yusufu Kalasans ya buɗe a birnin Roma a 1597 kyauta ce, ta 'ya'yan talakawa, kuma takardar 1965 da muka ambata ta roƙi coci ya fi kula da matalauta a makarantunsa. Saboda haka kiran sunayen masu bashi a asambuli, ko fitar da yaro daga ɗakin jarrabawa a gaban 'yan ajinsu, bai dace da makarantar da ke ɗauke da wannan suna ba. Bashin na iyaye ne. A aika musu takarda a rufe cikin ambulan, a sa musu ranar zuwa ofis.

Mun gode, Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu malamai da iyayen yara a makarantun firamare na Katolika.